Yadda Ake Zaɓen Kalmomin Bincike Don Masu Saye Su Riƙa Samun Shafin Kasuwancinka

A ɗauki mai ɗinkin babbar riga a cikin birnin Zariya. Ya biya kuɗi an buɗe masa shafin intanet, an jera hotunan aska biyu da aska takwas da malum-malum, an rubuta da manyan baƙi a sama cewa "Inganci da gaskiya su ne jarinmu". Wata shida ya wuce, ko kira ɗaya bai shigo ta wannan hanyar ba. A daidai lokacin kuma akwai wani bawan Allah a Abuja da ke neman wanda zai yi masa aikin hannu kafin babbar sallah, ya ɗauki waya ya rubuta wa Google "babban riga hand embroidery Zaria". Shafin telan bai ƙunshi wannan maganar ba, don haka Google bai haɗa su ba. Ga mai kaya, ga mai saye, amma bakinsu bai zo ɗaya ba.

Kalmomin bincike su ne abin da mutum yake rubutawa, ko yake faɗa da baki, a akwatin Google idan yana neman wani abu. Kusan duk binciken da ake yi a Nijeriya ta Google ake yin sa, mafi yawa kuma da wayar hannu. Aikin da ke gabanka shi ne ka gano ainihin kalmomin da masu sayen kayanka suke amfani da su, ka tace waɗanda za ka iya cin kasuwarsu, sannan ka ba kowacce shafinta. Abin da kake buƙata bai wuce waya, data, adireshin Gmail, da littafi da biro ba. In kana da kwamfuta, takardar Excel ko Google Sheets ta fi sauƙin tacewa. Duk manhajojin da za a ambata kyauta ne.

Fara daga bakin masu saye

Kafin ka taɓa kowace manhaja, buɗe WhatsApp ɗin kasuwancinka ka karanta saƙonni 100 na ƙarshe da baƙi suka turo. Saƙon farko na kowane mutum ya fi muhimmanci, don a nan ne yake faɗin buƙatarsa da kalmominsa kafin ya ari naka. Kwafe su yadda suke, har da kuskuren rubutu. In ya rubuta "nawa ne solar da zai dauki fridge da fan biyu", haka za ka ajiye shi, kada ka gyara.

Sannan ka ajiye littafi a kan kanta na mako biyu. Duk wanda ya shigo ya yi tambaya, kai ko yaron shago ku rubuta ta. Mai sayar da kayan sola a unguwar PZ ta Zariya zai ga ba kasafai ake cewa "makamashin hasken rana" ba, abin da ake cewa shi ne sola, inbata, batir, fanel. Mai sayar da iri da taki zai ga manomi yana kiran iri da sunansa: SAMMAZ 15, SAMNUT 24, ko dai wani irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar. Mai sayar da 'yan tsaki zai ji ana tambayar Shika Brown. Irin waɗannan sunaye zinariya ne, domin wanda ya san sunan abu har ya rubuta shi ya riga ya yanke shawarar saye, inda zai samu kawai yake nema.

Kada ka tashi daga wannan matakin sai ka tara jimloli 30 zuwa 50. Ƙasa da haka, ra'ayinka ne zai cike gurbin, kuma ra'ayin mai kaya ne ya fi ɓatar da shi a wannan aikin. Mai sana'a yana kiran abu da sunan da 'yan sana'a suka sani, mai saye yana kiran sa da sunan da ya ji a gari.

Matsalar harshe, wadda ta fi kowacce girma a wurinmu

Mutumin Zariya yana bincike da harshe uku. Akwai Turanci zalla, kamar "phone repair in Zaria". Akwai Hausa zalla, kamar "inda ake saida turaren wuta". Akwai kuma gauraye, wanda ya fi yawa a bakin matasa: "lefe boxes price", "kayan daki Zaria", "atamfa wholesale". Kowace jimla da ka tara, rubuta ta a siga ukun nan a layi ɗaya. Ba dukansu za su rayu ba, amma sai an gwada ake sanin wadda ake nema.

Wane harshe ya kamata shafin ya ɗauka? Wannan ya danganta da wanda ke biyan kuɗi. Mai ba da hayar ɗakuna ga ɗalibai a Samaru ko Kongo yana magana da yara daga kowane sashe na ƙasar nan, domin Jami'ar Ahmadu Bello tun kafuwarta a 1962 take ɗibar ɗalibai daga ko'ina. Shafinsa Turanci ya fi dacewa da shi. Mai haɗa turaren wuta da humra, ko mai sayar da maganin feshi ga manoman Giwa da Soba, Hausa za ta fi yi masa aiki, kuma yana da wata riba babba: shafukan Hausa masu kyau a kan kasuwanci ba su da yawa, don haka gasar ba ta da zafi. In kana son duka biyun, yi shafi biyu daban, ɗaya Hausa ɗaya Turanci, kowanne da adireshinsa. Cakuɗa fassara biyu a shafi guda yana rikita mai karatu, yana kuma rikita Google wajen gane harshen shafin.

Sai maganar baƙaƙe masu lanƙwasa. Ƙalilan ne suke rubuta ɗ da ƙ da ɓ a waya. Mai neman tela "dinki" zai rubuta, mai neman haya "daki" zai rubuta. Kada ka ɗauka Google zai daidaita maka su koyaushe. Gwada da kanka: rubuta "ɗinkin hannu" ka duba sakamako goma na farko, sannan ka rubuta "dinkin hannu" ka kwatanta. In sakamakon ya bambanta, to kalma biyu ce a wurin Google. Shawararmu ita ce a rubuta jikin shafi da Hausa daidai, da lanƙwasarta, domin mutuncin mai karatu da na harshen, amma adireshin shafi da sunayen hotuna su zo da baƙaƙe marasa lanƙwasa. In gwajin ya nuna bambancin ya yi yawa, a bar sigar da ba lanƙwasa ta fito a kanun shafi.

Haka nan kuskuren da ya zama jiki. Daidai ita ce "babbar riga", amma 'yan kudu da ma 'yan arewa da yawa "babban riga" suke rubutawa idan suna Turanci. A shafin Turanci, yi amfani da wadda suke rubutawa. A shafin Hausa, rubuta daidai.

A tuna kuma cewa Google yanzu yana karɓar bincike da murya cikin Hausa. Mai magana da baki yana faɗin cikakkiyar tambaya ne, kamar "ina zan samu mai gyaran inbata a Sabon Gari". Saboda haka tambayoyin da ka tara a littafin kanta su ma kalmomin bincike ne.

Sunan wuri

Ƙaramin kasuwanci ba ya cin kalma tsirara. "Shadda" kaɗai, ko "solar panel" kaɗai, manyan kasuwannin intanet irin su Jumia da Jiji sun mamaye su, kuma ba ka da kuɗin kokawa da su. Da zarar ka liƙa sunan gari a jikin kalmar, filin ya ragu zuwa kai da 'yan tsirarun maƙwabtanka, waɗanda yawancinsu ma ba su da shafi.

Garin kansa yana da suna uku a rubuce: Zaria, Zariya, Zazzau. A akwatin bincike "Zaria" ce kan gaba, har a cikin jimlar Hausa, domin ita ce ke kan taswira da allunan hanya. Sa ta a kanu. "Zariya" ta shiga jikin rubutun Hausa, "Zazzau" kuma ta dace da abin da ya shafi sarauta da al'ada, kamar kayan doki da rigunan hawan sallah.

Sunayen unguwanni kuwa suna da tarko. Akwai Sabon Gari a Kano, akwai Tudun Wada a Kaduna da Kano da Jos da Gusau. Akwai Samaru a Gusau, akwai Samarun Kataf a kudancin jihar Kaduna. Wanda ya rubuta "Kongo" kaɗai, labarin ƙasar Kwango zai iya fito masa. "PZ" kaɗai, kamfanin sabulu ne zai fito. Don haka unguwa ba ta tafiya ita kaɗai: "Samaru Zaria", "PZ Zaria", "Tudun Wada Zaria". Mutane kuma suna neman abu da alamar da suka sani fiye da sunan titi. Mai otal ko gidan saukar baƙi ya lura da "kusa da asibitin koyarwa na Shika", "kusa da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama", "kusa da Kwangila". Mai jinya da ya zo daga Funtuwa ko Malumfashi da irin wannan zai nemi masauki, domin asibitin ya sani, bai san sunan layinku ba.

Kada ka wahalar da kanka da cusa "near me" a rubutu. Idan mutum ya rubuta haka, Google yana duba inda wayarsa take ne, ya kawo masa wuraren da ke kusa bisa adireshin da suka yi rajista.

Ka bar Google ya faɗaɗa maka jerin

Ɗauki jimlolinka ɗaya bayan ɗaya. Fara rubuta kowacce a akwatin bincike ba tare da ka danna nema ba. Shawarwarin da ke saukowa a ƙasa ana ɗauko su ne daga abin da mutane suka riga suka nema. Rubuta "hostel in Samaru" ka bar tazara ka ga abin da zai biyo. Sannan ka ƙara baƙi ɗaya: a, b, c, har zuwa z. Aikin yana da gajiyarwa, amma minti 20 a kan kalma ɗaya yana iya fitar da jimloli goma da ba ka taɓa tunani ba. Yi haka a tagar sirri ta burauza, wato Incognito, don kada tarihin bincikenka ya gurɓata sakamakon. Tagar sirri ba ta ɓoye garin da kake, kuma hakan alheri ne a nan, tunda abin da ɗan Zariya ke gani kake son gani.

Bayan ka danna nema, duba wuri biyu: akwatin tambayoyi da ke tsakiyar shafi mai taken "People also ask", da jerin bincike masu alaƙa da ke can ƙasa. Kwashe waɗanda suka shafi abin da kake sayarwa da gaske. Yi irin wannan a akwatin bincike na Facebook, TikTok da YouTube, musamman in kayanka na mata ne ko na ado, domin masu sayen lalle da kayan kwalliya da ɗinkin zamani da yawa a can suke fara nema. A ƙarshen wannan matakin jerinka zai kai 80 zuwa 150.

Tace su bisa niyyar mai nema

A nan ne ake raba tsaki da tsakuwa. A gefen kowace jimla rubuta abin da mai ita yake so. Wanda ya rubuta "yadda ake haɗa turaren wuta" yana son koyo ne, wataƙila ma yana shirin zama abokin gasarka. Wanda ya rubuta "turaren wuta mai kyau na amarya" yana kwatantawa. Wanda ya rubuta "turaren wuta price Zaria" ko "inda ake saida turaren wuta a Zariya" kuɗi na hannunsa. Alamomin mai shirin saye su ne: farashi, nawa ne, inda ake sayarwa, sari, kusa da, lambar waya, sunan unguwa, sunan samfur da lambarsa.

Fara da na ukun. Su ne za su zama shafukan kaya da na aiki. Tambayoyin neman sani suna da amfaninsu, amma a baya za su zo, kuma a zaɓi waɗanda ke kai mutum ga saye. Mai sola da ya rubuta bayani mai kyau a kan "batir nawa ne zai ɗauki firij da fanka biyu har asuba" ya kama mutumin da zai sayi batir cikin makon nan. Wanda ya rubuta tarihin ƙirƙiro sola ya kama ɗalibi mai aikin gida. Ƙari a kan haka, tambayoyin ilimi zalla yanzu Google kan amsa su da kansa a saman shafi, mutum ya karanta ya tafi bai shiga shafin kowa ba.

In ka rasa gane niyyar wata jimla, nemi ta ka ga abin da Google ya kawo. In bidiyon koyarwa ne suka cika shafin farko, to masu koyo ne ke neman ta. In taswira ce da shaguna, masu saye ne. Kada ka yi jayayya da abin da ka gani. Shafin talla ba zai hau inda Google ya riga ya gane koyarwa ake so ba.

Goge duk jimlar da ba ka sayar da abinta. Mai ɗinkin hannu da ya ja masu neman "cheap ready made kaftan" zai sha kira, ya sha ciniki, ba zai sayar ba.

Auna yawan masu nema da ƙarfin abokan gasa

Buɗe asusun Google Ads da Gmail ɗinka, ka shiga sashen Keyword Planner, wanda ke nuna sau nawa ake neman kowace kalma a wata. Ba dole sai ka sayi talla ba. Sa wurin bincike ya zama jihar Kaduna, ko Nijeriya duka in kana aika kaya ta tasha zuwa wasu garuruwa, sannan ka zuba jerinka. Wanda ba ya kashe kuɗin talla ba a ba shi adadi takamaimai, sai tazara: 10 zuwa 100 a wata, 100 zuwa 1,000, da sauransu. Wannan ya isa. Abu biyu ne ke ruɗar sabon shiga a nan. Na farko, layin da aka rubuta gasa, mai cewa ƙasa ko tsakiya ko sama, yana nufin yawan masu sayen talla a kan kalmar, ba wahalar hawa sakamakon kyauta ba. Na biyu, jimlolin Hausa da yawa za su fito babu adadi ko kaɗan. Wannan ba ya nufin ba a neman su, yawansu ne bai kai manhajar ta ƙirga ba. Google da kansa ya ce kashi 15 cikin 100 na binciken da ake yi kowace rana bai taɓa ganin irinsu ba. In jimla ta fito sau biyar a WhatsApp ɗinka, riƙe ta ko da manhaja ta nuna sifili.

Google Trends kuma na kwatanta kalmomi ne da juna a lokaci ɗaya. Lambobinsa daga 0 zuwa 100 ba yawan mutane ba ne, ma'aunin tashi da sauka ne. Da shi za ka ga tsakanin "kaftan" da "jallabiya" wacce ta fi motsi a jihar Kaduna, da watan da kowacce ke tashi. Sa tsawon lokacin ya zama shekara biyar don yanayin shekara ya fito sosai.

Kada yawan masu nema ya ruɗe ka. A ce wata kalma ana neman ta sau 5,000 a wata amma kana shafi na biyar, ba wanda zai gan ka, domin ƙalilan ne ke wuce shafin farko. Wata kuma sau 40 kacal ake neman ta, amma kai ne na biyu, mutum goma sun shigo, uku sun kira. Ta biyun ce ke kawo abinci.

Auna gasa da ido ya fi kowace manhaja. Nemi jimlar ka ƙirga sakamako goma na farko. Nawa ne manyan kasuwannin intanet da jaridu? Nawa ne shafukan Facebook da aka daina kulawa, ko kundin adireshi mai tsohuwar lambar waya? Nawa ne suka ambaci Zariya da gaske a kanunsu? In ka samu uku ko fiye masu rauni, akwai gurbi. In duk goman manya ne kuma sun amsa buƙatar daidai, ƙara wa jimlar tsawo, da unguwa ko nau'in kaya ko girma, ka sake gwadawa.

Kowace buƙata da shafinta

Daga jerin da ya rage, haɗa jimlolin da ke nufin abu ɗaya wuri guda. "Gyaran waya a Zaria", "phone repair Zaria" da "mai gyaran waya Sabon Gari Zaria" iyali ɗaya ne. Kowane iyali ya samu shafi ɗaya, da babbar jimla ɗaya, da ƙanana uku zuwa biyar masu rufa mata baya. Ga ƙaramin kasuwanci, shafuka 5 zuwa 10 sun wadatar a farko. Telan da muka fara da shi zai iya samun shafin gida a kan ɗinkin babbar riga a Zariya, shafin aska takwas, shafin kayan ango, shafin farashi da tsawon lokacin aiki, da shafin yadda ake turo awo daga nesa.

Kuskure biyu ake yi a nan, kuma kishiyoyin juna ne. Wani yana tara komai a shafin gida, shadda da takalmi da turare da hula, har Google ya kasa gane a kan me shafin yake. Wani kuma yana yin shafi uku a kan jimla ɗaya, sai su riƙa cin junansu, yau wannan ya fito gobe wancan, babu wanda ya yi ƙarfi. Akwai na uku da ya fi muni: a kwafi rubutu ɗaya a yi shafi ashirin, ana canza sunan unguwa kawai, Gyallesu, Wusasa, Hanwa, Palladan. Google yana lissafa wannan cikin maguɗi. In ba ka da abin faɗa na musamman game da unguwa, kamar reshe ko kuɗin kai kaya, ambace ta a jimla ɗaya ya isa.

Inda ake ajiye kalmar a cikin shafi

Wuri mafi nauyi shi ne kanun da ke fitowa da shuɗin rubutu a sakamakon bincike. Sa babbar jimla a farkonsa, sunan kasuwanci a ƙarshe, kuma kada ya wuce baƙaƙe 60 ko kusa da haka, in ba haka ba za a yanke wutsiyarsa. "Barka da zuwa shafinmu" ɓarnar wuri ne. "Dinkin Babbar Riga na Hannu a Zaria" ya faɗi komai.

Sai babban take na cikin shafin, da layuka biyu ko uku na farko, da adireshin shafin, wanda ya kamata ya zama gajere, kalmomi a rabe da karan ɗori, kamar dinkin-babbar-riga-zaria. Sai taƙaitaccen bayanin da ke fitowa ƙarƙashin kanu, baƙaƙe 150 zuwa 160. Shi ba ya ɗaga matsayi, amma shi ke sa mutum ya danna, don haka sa abin da mai saye ke son ji: daga nawa farashi ya fara, kwana nawa aiki ke ɗauka, ana aikawa ko ba a aikawa. Wani lokaci Google yakan ajiye naka ya ɗauko wata jimla daga jikin shafin, wannan ba matsala ba ce.

Hotuna suna da muhimmanci ƙwarai ga mai kayan ado. Hoton da waya ta raɗa wa suna da lambobi, canza masa suna zuwa aska-takwas-farar-shadda kafin a ɗora, a kuma cike gurbin bayanin hoto da jimla ɗaya mai faɗin abin da ke ciki. Rage nauyin hoton, ya zama ƙasa da kilobayit 200 in zai yiwu. Mai saye a kan data mai tsada da sabis mai rauni ba zai jira ba. Kuma duk bayanin da aka rubuta a jikin fosta, farashi da adireshi da lamba, a sake rubuta shi da baƙaƙe a shafin, kada a dogara da hoton.

A jikin rubutu, faɗi jimlar inda ta zauna daidai, sau biyu ko uku a shafi mai kalmomi 400 zuwa 600, sauran kuma ka yi magana kamar yadda za ka yi wa wanda ya shigo shago. Karanta shi da ƙarfi. In ka ji kana maimaita "tela a Zaria" kamar mai tallar magani a mota, ka yi yawa, kuma cusa kalmomi yana cikin abin da Google ke hukunta shafi a kansa. In mai haɗa maka shafi ya ce zai zuba kalmomi ɗari a wani ɓoyayyen gurbi mai suna "meta keywords", sanar da shi cewa tun 2009 Google ya bayyana ba ya amfani da wannan gurbin. Wanda kuma ya yi maka alkawarin matsayi na ɗaya cikin mako guda, riƙe kuɗinka. Google da kansa ya ce babu mai iya ba da wannan tabbacin.

Taswira

Ga binciken da ke ɗauke da sunan gari, akwatin taswira mai shaguna uku yakan zo sama da sauran sakamako. Shiga nan sai da rajistar Google Business Profile, ita ma kyauta. Abu uku Google ya ce yana dubawa: dacewar kasuwancin da abin da aka nema, nisa, da shahara. Zaɓi rukunin sana'a da ya fi kusa da babbar jimlarka, ka jera ayyukanka da kalmomin da ka tace, ka dasa alamar wurin daidai ƙofar shagon kana tsaye a wurin, domin adireshin lungunan cikin birni ba ya kai baƙo ko'ina. Sunan kasuwanci ya zama wanda ke kan allonka. Ƙara masa "best cheap tailor" ya saɓa ƙa'ida, ana iya dakatar da rajistar. Suna da adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a taswira, a shafi, da a Facebook. Roƙi waɗanda suka ji daɗin aikinka su rubuta ra'ayinsu, su faɗi abin da suka saya, amma kada ka saya ko ka ƙirƙira.

Bayan wata uku

Ranar da shafi ya hau, a haɗa shi da Google Search Console, manhajar da ke nuna yadda shafin ke fitowa a bincike, kuma ka tabbata da Gmail ɗinka aka yi, ba na mai haɗa shafin ba. Mutane da yawa sun rasa bayanan shekaru saboda sun rabu da wanda ya yi musu aiki. Sabon shafi yakan ɗauki watanni kafin ya zauna, don haka kada ka riƙa canza kanu kowane mako.

Idan wata uku ya cika, buɗe rahoton aiki. Zai nuna ainihin jimlolin da aka rubuta har shafinka ya fito, sau nawa aka nuna shi, sau nawa aka danna, da matsakaicin matsayinsa. Yana ajiye bayanan wata 16. Nemi jimlolin da kake tsakanin matsayi na 8 da na 20, su ne ke bakin ƙofa. Ƙara wa shafinsu bayani, amsa tambayar da ba ka amsa ba, ka sa mahaɗi zuwa gare shi daga shafin gida. In an nuna shafi sau 400 amma sau 4 aka danna alhali yana shafin farko, kanu da taƙaitaccen bayani ne ba su ja hankali ba, sake su. In ana shiga amma ba a kira, duba ko niyyar jimlar ce ka karanta ba daidai ba, ko lambar waya da maɓallin WhatsApp sun ɓuya can ƙasa. In kuma ka ga jimlar da ba ka taɓa tunani ba tana kawo mutane, yi mata shafinta.

Kalmomin yanayi kuma ana shirya musu ne tun kafin lokacinsu. Shafin ɗinkin sallah ya hau wata biyu zuwa uku kafin azumi, a tuna kuma cewa azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Na iri da taki ya kasance a shirye tun Maris, kafin ruwa ya sauka. Na sola da fanka mai caji tun Janairu, kafin zafin Maris da Afrilu. Na ɗakunan haya kafin jami'a ta fitar da sunayen sababbin ɗalibai. Idan lokacin ya wuce kada a goge shafin, a bar shi a adireshinsa, baɗi a sabunta farashi da hotuna a kansa.